Teburin Bakin Lungu

A unguwar da na tashi akwai wani dattijo mai kilishi da shagonsa yake can cikin lungu. Sai ka wuce masallaci, ka wuce injin markaɗe, ka sake karya kwana kafin ka same shi zaune a kan buzu yana kora ƙuda. Ba shi da allo, ba ya talla. Amma maniyyata aikin Hajji da ɗalibai masu komawa makaranta a Kudu duk wurinsa suke zuwa a ɗaure musu na tsaraba, domin ya haura shekara talatin yana shanya nama a wurin, kuma ba a taɓa cewa kilishinsa ya yi fumfuna a hanya ba. Sunansa ya je garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Ran nan aka wayi gari da sabon teburi a bakin lungun, daidai inda baƙo yake tsayawa ya yi tambaya. Wani saurayi ne ya kafa shi, ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti. Sunan da ke jikin allon na dattijon ne, illa an ƙara masa harafi ɗaya. Mu 'yan unguwa ko a jikinmu, mun san wane ne wane. Amma ɗan aiken da aka turo daga wani gari da suna rubuce a 'yar takarda, da ya sauko daga tasi ya ga allo, sai ya yi hamdala ya zaro kuɗi. Saurayin bai taɓa buɗe baki ya ce shi ne dattijon ba. In aka ce masa, "Nan ne wurin wane?" sai ya yi murmushi ya ce, "Na nawa za a ba ka?"

Asiri ya tonu ne ranar da wata Hajiya ta aiko da kilishi mai wari har cikin lungu, tare da saƙon faɗa, ga dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Magana ta je gaban sarkin pawa. Saurayi ya zo da hujjojinsa a shirye: katako shi ya saya, mai fenti shi ya biya, bakin titi na hukuma ne, kuma ga harafi nan a fili, sunan ba iri ɗaya ba ne. Sarkin pawa ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "To yaro, sunanka ke nan, ko na mahaifinka? Kuma duk faɗin garin nan, me ya kai teburinka bakin wannan lungun?" Kafin magariba an goge allon.

Abin da ya tuna mini da wannan, kwanakin baya ɗan yayata ya shigo mini da kwamfuta a hammata, bakinsa har kunne. Ya gama koyon gina shafukan intanet, yana neman abin yi. Ya ce, "Kawu, na gano hanyar kuɗi." Wai ya duba sunan wani babban kantin sayar da kaya ta intanet, ya cire harafi ɗaya, ya tarar babu wanda ya yi rajistar wannan adireshin. Zai kama shi, ya cika shafin da tallace-tallace, duk wanda yatsansa ya zame wajen rubuta sunan kantin ya faɗo hannunsa, shi kuma ya riƙa samun 'yan kuɗi a kan kowace dannawa. In masu kantin sun ji haushi, su zo su saya. "Ai babu mai shi, Kawu. Zan biya kuɗin rajista, su ba ni rasit."

Tiryan-tiryan hujjar mai teburi.

Kamfanin da ke yi wa mutum rajistar adireshin shafi, matsayinsa ɗaya da mai fentin nan. Ka ba shi dala goma ko sha biyar na shekara, ya rubuta maka abin da ka ce. Na'ura ce take duba abu guda tak: shin waɗannan haruffa, a wannan jeri, wani ya riga ya kama su? In babu, sai ta ba ka. Ba ta tambayar ko sunan yana kama da na wani, ba ta tambayar me kake nufi da shi. Rasit ɗin da ke hannunka shaida ce cewa ka biya mai fenti, iyakarta ke nan. A cikin dogon rubutun nan da kowa yake danna amincewa da shi ba tare da ya karanta ba, kai ne ma ka ɗauki alkawarin cewa, a iya saninka, sunan bai taka haƙƙin kowa ba.

Bahaushe ya san aikin ƙugiya guda: tsakanin baki da baƙi, tsakanin kafa da ƙafa, ɗan lanƙwasa ne kawai. Ya kuma san cewa mai karatu da sauri ba ya ganin ta. Da wannan raunin na ido masu teburin intanet suke cin abinci. A jera r da n su zama kamar m. A sa babban harafin I a gurbin ƙaramin l, kamar yadda aka yi wa PayPal tun shekarar 2000. Ko a bar sunan yadda yake a taɓa wutsiyarsa. Maƙwabciyarmu Kamaru tana da wutsiyar .cm, wadda harafi ɗaya ne ya raba ta da .com, kuma a 2007 mujallar Business 2.0 ta ba da labarin wani ɗan Kanada, Kevin Ham, wanda ya shirya yadda duk wanda ya manta harafin o ya rubuta adireshin da babu mai shi, zai tsinci kansa a shafinsa na talla. Wannan ya kafa teburi ne a bakin kowane lungu na duniya lokaci guda.

Rigimar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1961 an yi wata shari'a da har yau ake koyar da ita ga ɗaliban lauya a Najeriya. Wani kamfanin magani mai suna Niger Chemists ya yi suna, yana da reshe a Onitsha. Sai wasu suka buɗe nasu kantin maganin a kan titi ɗaya da shi, suka raɗa masa Nigeria Chemists. Kotu ta hana su amfani da sunan, saboda mai sayen magani zai iya ɗauka wuri ɗaya ne. Ba a buƙaci sunayen su zama iri ɗaya sak ba. Kamar da za ta ruɗar da mai saye ta wadatar.

Intanet ma tana da nata sarkin pawar. A 1999 hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen shafuka, ta kafa wata ƙa'idar sasanta rigima da ake kira UDRP, kuma duk wanda ya yi rajistar .com ko .net ko .org ya amince da ita, ya sani ko bai sani ba. Mai ƙorafi ba ya buƙatar zuwa kotu. Yana aika takardarsa ne ga ɗaya daga cikin cibiyoyin da aka amince da su, wadda ta fi shahara ita ce ta WIPO da ke Geneva, ya biya dala 1,500 in alƙali ɗaya yake so. Ga babban kamfani wannan kuɗin shayi ne. A shekarar 2023 kaɗai cibiyar ta karɓi ƙararraki sama da 6,000.

Da zarar ƙara ta shiga, za a kulle adireshin, ba ka iya sayar da shi ko mayar da shi wani wuri. In ka biya an ɓoye sunanka a rajista, kamfanin rajistar zai fito da shi. Za a ba ka kwana 20 ka kawo amsa, in ka yi shiru a yanke hukunci a bayan idonka. Abin da ake tambaya kuwa, wallahi kamar sun zauna a zauren sarkin pawarmu. Sunan yana kama da alamar kasuwancin mai ƙara har ya ruɗar? Kai kana da wani haƙƙi a kan sunan, naka ne, ko an san ka da shi, ko kana wata sana'a ta gaskiya da shi tun kafin rigima? Kuma da mugun nufi ka kama shi kake amfani da shi? Sai mai ƙara ya tabbatar da duka ukun. In ya tabbatar, a ƙwace adireshin a ba shi, ko a soke shi. Yawanci cikin wata biyu an gama. Wannan majalisar ba ta cin tara, ba ta ɗauri, allo kawai take gogewa. Amma duk wahalar da ka sha a kan shafin, da akwatin saƙonnin da ka ɗora a kan adireshin, sun tafi tare da shi.

Inda na fi daɗewa da yaron nan shi ne kan maganarsa ta "su zo su saya". A ganinsa wannan ce ribar. A idon doka kuwa ita ce igiyar da mutum yake murzawa da hannunsa. Ƙa'idar ta ambaci kama suna don a sayar wa mai alamar a kan kuɗin da ya wuce abin da ka kashe a matsayin shaidar mugun nufi, ƙarara. Ka ɗauka saurayin nan ya ce wa dattijo, "Baba, ba ni kaza in ɗauke teburina." Ai ya gama yi wa kansa shari'a.

Wani Ba'amurke, Dennis Toeppen, ya kama adireshin panavision.com, alhali Panavision kamfani ne na kyamarorin ɗaukar fim. Don ya samu abin fakewa, sai ya sa hotunan wani ƙaramin gari mai suna Pana da ke jihar Illinois. Da kamfanin ya yi magana, ya ce su kawo dala 13,000. Da suka ƙi, ya je ya ƙara kama sunan wata alamarsu, Panaflex. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a kansa a 1998, hotunan garin Pana ba su cece shi ba.

Wanda ya fi ba ni tausayi da dariya shi ne Mike Rowe, ɗan makarantar sakandare a Kanada mai shekara 17. Sunansa na yanka ke nan. Ya liƙa wa sunan kalmar soft, ya buɗe MikeRoweSoft.com, wanda in ka faɗa da baki sai ya fito Microsoft. Lauyoyin kamfanin suka ce ya miƙa adireshin su mayar masa da dala 10 da ya kashe. Yaro ya ji an raina shi, ya ce sai dala 10,000. Nan take suka juya wannan amsar ta zama hujjarsu, suka aiko masa da doguwar takarda cewa dama don ya tatse su ya kama sunan. Abin da ya fitar da shi surutun duniya ne: labari ya bazu a farkon 2004, mutane suka yi wa kamfanin ca, aka sasanta, ya miƙa adireshin aka ba shi na'urar wasa ta Xbox da wasu kyaututtuka. Na ce wa ɗan yayata, shi wannan sunansa ne na gaskiya, kuma jaridun duniya sun tsaya masa. Kai wa zai tsaya maka?

Bayan sarkin pawa akwai alƙali, kuma shi yana taɓa aljihu. Amurka ta yi doka a 1999 musamman don masu kama sunayen mutane a intanet, wadda ta ba kotu damar cin tara daga dala 1,000 zuwa dala 100,000 a kan kowane adireshi guda, ko da mai ƙara bai lissafa asarar da ya yi ba. A 2008 kamfanin sadarwa na Verizon ya samu hukuncin dala miliyan 33.15 a kan wani kamfani mai suna OnlineNIC saboda adireshi 663, wato dala 50,000 kowanne. Yaron ya ce, "To Kawu, ina ruwan kotun Amurka da ni?" Akwai ruwanta. Babban littafin rajistar .com yana hannun kamfanin Verisign a jihar Virginia, kuma dokar ta yarda a kai ƙarar adireshin kansa a can idan hannu ba ya kaiwa ga mai shi. Ana iya ɗauke teburin ko da mai teburi yana wata nahiya.

Shi kuwa John Zuccarini har gidan yari abin ya kai shi. Ya kama adireshi sama da 5,500 na kuskuren rubutu, da yawansu na shafukan da yara suke nema. Sunan mawaƙiya Britney Spears kaɗai ya yi masa siga 41. Yaro ya yi kuskuren harafi, sai ya faɗa shafin batsa, tagogin talla su yi ta buɗewa, ka rufe ɗaya biyu su fito. An ci shi tara a kotu, hukumar kare masu saye ta Amurka ta samu hukuncin kusan dala miliyan 1.9 a kansa, bai daddara ba. A 2003 aka kama shi a wani otal a Florida, a 2004 aka ɗaure shi wata 30. Ɗan yayata ya yi wuf ya ce shi ba batsa zai sa ba. Na yarda. Amma wanda ya ba da shafinsa haya ga dillalan talla ba shi yake zaɓar abin da za su liƙa ba, kuma sunansa ne a rajista.

A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, a sashe na 25, ta mayar da shi laifi mutum ya ɗauki suna, ko sunan kasuwanci, ko alama, ko adireshin wani mutum ko kamfani ko gwamnati, ya yi amfani da shi a intanet da gangan ba da izini ba don ya kawo wa mai shi cikas. Hukuncin ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, kuma kotu tana iya sa a mayar wa mai suna sunansa. Adireshin da ke ƙarewa da .ng kuma yana ƙarƙashin NiRA, mai nata tsarin sauraron irin wannan ƙorafi. Wannan duk kafin a zo ga wanda ya yi shigar burtu ke nan, ya kwaikwayi launi da tambarin banki ko na hukumar da ke ɗaukar ma'aikata, ya sa gurbin da za a rubuta lambar sirri ko a biya kuɗin fom. Kowa ya ga sanarwar da hukumomi suke yawan fitarwa a kan shafukan ɗaukar aiki na bogi. Wannan ya tashi daga rigimar suna ya koma zamba cikin aminci, kuma masu kaki ne suke zuwa, ba lauya da wasiƙa ba.

Sai dai a yi adalci, ba duk mai suna irin na wani ne ɗan sojan gona ba. Akwai takwara. Da a ce saurayin nan sunan da ya rubuta nasa ne tun ranar suna, kuma a unguwarsu ya kafa teburinsa, sarkin pawa ba shi da ta cewa.

Uzi Nissan mutumin Isra'ila ne da ya koma Amurka, kuma Nissan sunan gidansu ne. Ya fara kasuwanci da sunan tun lokacin da motocin kamfanin Japan ɗin nan ake sayar da su a Amurka da sunan Datsun, wanda manyanmu ba su manta da shi ba. A 1991 ya kafa kamfanin kwamfuta, a 1994 ya yi rajistar nissan.com. A 1999 kamfanin motar ya maka shi a kotu yana neman dala miliyan 10. Aka yi ta fafatawa shekara da shekaru. A ƙarshe adireshin ya zauna a hannunsa, kamfanin motar ya ci gaba da amfani da nissanusa.com, kuma har ya rasu a 2020 ba su karɓe shi ba. To amma ko shi akwai inda ƙafarsa ta zame: ya taɓa sa tallace-tallacen da suka shafi motoci a shafin, kuma a kan wannan kotu ta ba shi rashin gaskiya. Takwara ne, ba a musu, amma ranar da ya fara sayar wa baƙin da suka yi ɓatan hanya irin kayan da suka fito nema, ya matso bakin lungu. Ga kuma shekarun da shari'ar ta ci masa da kuɗin lauyoyi, alhali shi ne mai gaskiya a asalin magana.

Akwai kuma mai suka. Christopher Lamparello ya buɗe fallwell.com, da l biyu, don ya soki ra'ayoyin fitaccen mai wa'azin Kirista Jerry Falwell. Ya rubuta a fili cewa wannan ba shafin Falwell ba ne, ya nuna hanyar zuwa na ainihin, kuma ba kasuwanci ya kafa ba. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Wannan a Amurka ke nan, inda 'yancin magana yake da kariya mai kauri. Ni dai ba zan ba wani shawarar ya gwada haka a nan yana dogaro da hukuncin wata ƙasa ba.

Ra'ayina, manyan kamfanoni su ma suna wuce gona da iri, suna tsorata ƙananan mutane da wasiƙun lauya a kan sunayen da ba su da iko a kansu, kuma ƙa'idar UDRP ta tanadi a tsawata wa mai ƙarar da ya zo ƙwace da ƙarfin aljihu. Amma shirin ɗan yayata bai shiga wannan sahu ba. Na yi masa tambayar sarkin pawa: in da babu wancan kantin a duniya, za ka so wannan sunan? Ya yi shiru yana shafa ƙeya, can ya ce, "Gaskiya a'a, Kawu."

Da ya dawo bayan kwana biyu, ya zo da wani suna, laƙabin da kakarsa take kiransa da shi tun yana goye. Muka duba rajistar kamfanoni ta CAC, muka bincika intanet ko akwai mai sana'a da suna mai kama da shi, ba mu samu ba. Ya yi rajista, ya jera ayyukan da ya iya da lambar wayarsa. Wata guda ke nan, sau goma sha ɗaya aka leƙa shafin, uku daga ciki ni ne.